Kwalba Mai Jan Zare

Tun ranar Alhamis Aksel ya jiƙa zabibi, yadda marigayiya matarsa Gudrun take yi. Ranar Lahadi da hantsi ya ɗora tukunyar gløgg: jan giyar inabi, kanumfari, kirfa, ɓawon lemu, ga tuffa yanka-yanka. Gudrun ba ta yarda a bar shi ya tafasa, don haka ya tsaya a kansa da ludayi kamar mai gadi.

Kofi shida ya jera, alhali mutum ɗaya yake jira, 'yarsa Vibeke. Shekara uku ke nan ba ta taka gidan ba, tun da ya kwashe kayan uwarta ya kyautar bai ko tambaye ta ba. Shi kuwa Aksel, ya buɗe baki ya ce a yi haƙuri? Ai gara ya haɗiye ludayin. Bara da Kirsimeti sai ya aika mata kwalbar giya, ya naɗe ta da takarda, ya ɗaure wuyan da jan zare, ya cusa 'yar wasiƙa a cikin takardar: "Na yi kuskure. Ki zo Lahadin farko ta Disamba, zan dafa irin na mamarki." Kusan shekara guda yana ƙirga kwana.

Ƙarfe uku aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi sauri ya buɗe. Ashe Bodil ce, maƙwabciyarsa, riƙe da kwali.

"Jiya aka kawo ba ka nan. Daga garin Aarhus, wajen 'yarka," ta ce, tana leƙa teburin. "Kofi shida, Aksel? Ko aure za ka yi ba ka gaya min ba?"

"Wa zai ɗauki tsohon kaya? Shigo ki sha."

"Jikokina na jira. Wata rana."

Ya buɗe kwalin a tsaye. Ga kati irin na kanti, da sa hannu kawai. Ga kwalba, an zura ta a sabuwar jaka mai ƙyalƙyali. Ya zaro ta, sai ga jan zaren, ɗaurin hannunsa, ko kwancewa ba a yi ba. Kowane gida a ƙasar nan yana da wata kanta inda kwalaben kyauta suke jiran a ba wa wani. Daga can Vibeke ta ɗauko ta, ba ta ko duba ba. Wasiƙar tana nan yadda ya ninke ta.

Ya zauna. Ashe ba ƙin zuwa ta yi ba, ba ta sani ba ne. Daɗi ya taso masa, tsoro ya biyo baya, don yanzu sai dai baki ya faɗa.

Ya kira lambarta. Ba ta ɗauka ba, aka ce ya bar saƙo. Wasiƙar na hannunsa, karantawa kawai zai yi.

"Vibeke, babanki ne," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Kwalbar ta iso. An gode."

Ya ajiye wayar. A bayansa tukunyar ta riga ta tafasa.