Jonin Ɗanmaliki

Warin roba ne ya tari Harisu tun daga zaure.

Ya jingine babur a bango ya nufi ɗakin iri. Ɗakin na Baffa Haladu ne, ƙanen babansu. Dā gero ake zubawa a ciki, sai ya ara wa Zuhura, yayar Harisu, bayan rasuwar mijinta. Nan take renon irin tumatir da tattasai a farantai, ƙarƙashin manyan fitilu masu haske ja-ja. Zafin bazarar Kafinsoli ba ya barin iri a fili, kafin ya yi ganye ya ƙone. Manoman Rimaye sun riga sun yi mata magana, da saukar ruwa za su zo su kwashi dashe. Da shi za ta ci da marayunta.

Harisu ne ya yi wayarin, kuma bai yi na wasa ba. Fitilun nan cin wuta gare su. Sai da ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke, ya raba su layi biyu, kowane da wayarsa mai kauri tun daga mita, kowane da birekarsa mai katse wuta in nauyi ya yi yawa. Ya ɗora wa kowace waya iya abin da za ta ɗauka, ko cajin waya bai bar wa wuri ba.

Ya dafa wayar layin hagu, ya janye hannu da sauri. Kamar murfin tukunya. Ya buɗe akwatin bireka. An tsallake ta da guntun tagulla. Daga ƙasanta wata siririyar waya ta fita ta taga, ta hau katanga, ta faɗa gidan Ɗanmaliki mai sayar da ƙanƙara.

Ya kashe komai. Ɗakin ya yi duhu.

"Yaya! Wa ya taɓa mini aiki?"

Zuhura ta leƙo tana goge hannu da zane. "Rage murya, Harisu."

"Wa ya taɓa?"

"Kana Yashe wajen aiki Ɗanmaliki ya zo. Wai wutar gidansa ba ta tada firiza. Baffa ya ce ya jona. Abin nan naka ya dinga faɗuwa, shi ne ya ɗaure shi."

"Ke kuma kika zuba ido?"

"Ɗakin nawa ne?"

Harisu ya fita.

Suna zaune a gindin bishiyar bedi, Baffa kan tabarma, Ɗanmaliki kan benci yana kaɗa ƙafa. Harisu ya durƙusa ya gaida Baffa, gaisuwar tana fita da ƙyar.

"A'a, injiniya!" in ji Ɗanmaliki. "Kai, hannunka da albarka. Tunda na jona layinka ƙanƙarata kamar dutse. Sai dai makunnin nan naka rowa gare shi, na gyara maka."

"Ka gyara mini."

"Ƙwarai kuwa."

Harisu ya juya ga Baffa. "Baffa, wayar nan ta kusa kamawa. Firiza biyu ya ɗora mata. In ta kama, ɗakin zai tafi, da irin, da rufin gidan."

"Allah ya kiyaye. To ka ja mashi tashi daban."

"Wayar da ta sauko daga falwaya ma iyakarta ke nan. Sai dai a cire jonin."

Baffa ya ajiye carbi. "Mi ka ce?"

"A cire."

"Shekarar da rijiyarmu ta ƙafe, gidan wa uwarka ta riƙa ɗibar ruwa? Da ruwan rijiyar uban yaron nan aka yi maka wankan jego, kai da ita. Ko sau ɗaya bai rufe ƙofa ba. Yau ni zan aika a yanke wa ɗansa waya, a gaban mutanen unguwa?"

"Ruwa ba ya ƙona gida, Baffa."

Ɗanmaliki ya tuntsire da dariya. "Ka ji yaran zamani. An koyi murɗa sukuduraba, an fi kowa."

Harisu ya miƙe tsaye. Filayar yanke waya na cikin aljihunsa, yana jin nauyinta a cinya. Ɗauki ɗaya, a gama. Amma ya san abin da zai biyo baya tun kafin Baffa ya faɗa.

"Ɗaki nawa ne," in ji Baffa. "In maƙwabcina bai da wuri a ciki, ganyenku ma bai da. Ka zaɓa."

Harisu ya koma ciki. Ya fizge tagullar daga bireka ya wurga ta bayan katanga. Ya canja wa jonin waya mai kauri daga cikin tasa, don ko ba komai kada ta kama a kan kawunan yara. Sannan ya hau kujera ya fara kwance fitilun layin hagu, ɗaya bayan ɗaya. In firiza za ta ci, sai su bar ci. Babu wani lissafi.

Zuhura na tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

"Duka wannan ɓangaren?"

"Duka. Zaɓi waɗanda za su zauna."

Ta daɗe tana bin farantan da ido. Ta bar tumatir a ƙarƙashin haske. Tattasan suka kwaso tare, suka jera a gindin katanga inda inuwa ba ta wuce hantsi. Kafin la'asar ganyen ya fara langaɓewa.

Sai ga sallamar Ɗanmaliki. Ya miƙo ƙullin ƙanƙara biyu a leda.

"Ga wannan, injiniya, ku jiƙa maƙoshi. Maƙwabtaka ai ta fi haka."

Harisu ya karɓa. Ya jira ta narke a kwano, ya bi farantan tattasan yana ɗiga musu, har ta ƙare a na uku.