Riƙon Taubashi

A tsakar gidan Malam Isufu, can bayan tashar motocin Dakoro, akwai wani kututturen aduwa da aka kafa a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum. An huda shi an soka masa guntayen taɓarya a matsayin hannuwa, da wani lanƙwasasshen ice daga ƙasa a matsayin ƙafa. Da shi Malam Isufu yake koyar da kunfu, damben mutanen Sin. Ya koyo abin ne a gabas, lokacin da yake tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a rijiyoyin mai, wajen wani tsoho ɗan ƙasar Sin mai dafa wa ma'aikata abinci. Irin nasa kunfun babu tsalle, babu ihu, ƙafa ba ta wuce gwiwa. Samari da yawa sun zo da zumuɗin abin da suke gani a waya, da suka ga ana tsayawa wuri ɗaya ana murza hannu sai suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibai mata kuwa ba ya taɓa su. In zai nuna wani abu, sai ya kama hannun matarsa Mariama ya nuna a jikinta, ita kuma ta juya ta kai wa ɗaliba. Haka Ramla take karɓar karatunta, bayan la'asar, da ƙanshin daddawa a hannun Mariama.

Ramla ma'aikaciya ce a sarwis na kiwo, ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi. Ranar kasuwa takan shiga kara da farar riga da akwatin sanyi, ta duba bakin tumaki, ta yi wa awaki allura, ta saurari makiyayan Azagor suna bayanin tarin da ya kama raƙumansu. Tana son aikin nan. Tana son yadda akuya take lafawa in aka dafa mata wuya daidai.

Matsalarta ɗaya ce, Zakiru. Dillalin tumaki ne, ɗan gwaggonta, taubashinta ke nan, kuma wasan da ke tsakaninsu ya girme su duka. Da ta shigo kara sai ya ɗaga murya: "Jama'a ku ba da hanya, ga matata ta iso!" Sannan ya cafke mata wuyan hannu, ya yi ta jan ta tsakanin turaku yana nuna ta ga mutane, ana dariya. Ita ma dole ta yi dariya, domin a wasan taubasai wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Riƙonsa na mai kokawa da raguna ne, har washegari shatin yatsunsa na nan. Abin da ya fi mata ciwo shi ne makiyaya sun fara kiranta matar Zakiru, wasu ma su riƙe dabbobinsu su ce za su jira likita namiji.

Ta taɓa gaya wa innarta. Inna ta ce, "Taubashinki ne fa. So kike a ce ɗiyata ba ta san wasa ba? Da wane ido zan dubi gwaggonki?" Shef ɗinta kuma, shugabanta a wajen aiki, da ya lura tana ja da baya ranar kasuwa, sai ya ce in kara ta yi mata nauyi zai maida ta biro, wato ofis, ta zauna a inuwa. Ya ce ta yi tunani ta ba shi amsa. Ramla ba ta son biro, ba ta kuma son a ce ita ta ɓata zumunci.

Ba ta faɗa wa Malam Isufu komai ba. Cewa ta yi kawai tana son ta koyi ƙwace hannu.

"Kada ki ja baya," in ji shi, yana zaune a kan turmi da ƙaramin kofin shayi. "Wanda ya riƙe ki ya fi ki ƙarfi, shi ya sa ya riƙe ki. In kin ja, kin shiga wasansa. Riƙo yana da ƙofa, tsakanin babban yatsa da sauran. Ki sauke gwiwar hannu, ki juya ta wajen ƙofar, ki tako gaba. Mariama, kama ta."

Mariama ta goge hannu a zane ta kama ta. Ramla ta san abin da za ta yi. A jikin kututturen nan tana yin sa sumul, har Malam ya gyaɗa kai. Amma da yatsun mutum suka rufe a wuyan hannunta sai ta sunkuyar da kai, dariya ta kubce mata, kafaɗunta suka hau sama, ƙafafunta suka saki. Mariama ta ɗan ja ta kaɗan, ta taho luu kamar ɗan akuya a igiya.

Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka.

"Wai ni kam mi ke ba ki dariya?" Mariama ta tambaya. "Cakulkuli nike miki?"

"A'a, Inna Mariama."

"To mi ne ne? Kullum in na kama ki sai kin washe baki, ido kuwa kamar za ki yi kuka."

Ramla ta dubi ƙasa. Wata kaza ta ratsa tsakaninsu tana tsince-tsince. Da ƙyar ta ce, "Wanda ke riƙe ni, taubashina ne."

Mariama ta saki hannunta. "Af! Wanne cikinsu? Kada dai ki ce mini Zakiru na wajen Rahinatu, mai baki kamar lasifikar masallaci."

"Shi ne."

"Wanga yaro! Tun yana goye yake jan kunnen mutane."

Malam Isufu ya shanye shayinsa. Ramla ta zaci zai ce ta daina dariyar, ta ɗaure fuska, ta dubi mutum cikin ido, kamar yadda yake gaya wa sauran ɗalibai. Ta riga ta san ba za ta iya ba. Ranar da ta ɗaure wa Zakiru fuska a gaban jama'a, kafin magariba labari ya kai gidan gwaggo.

"Kuskurena ne," ya ce. "Ina koya miki yadda ake ƙwacewa daga baƙo. Wanga ba baƙo ba ne, kuma dariyar ba taki ba ce balle ki ajiye ta. To bar ta. Ki yi ta dariyarki. Amma daga wuya zuwa sama kawai. Daga wuya zuwa ƙasa ki tsaya kamar yadda na koya miki."

"Zai yiwu, Malam?"

"Ba ki ga mai tallan fura ba? Baki na ta gaishe-gaishe, ƙwarya na bisa kai ba ta motsi."

Daga ranar karatun ya sake kama. Mariama ta ɗauki matsayin Zakiru, har da tafiyarsa ta buɗa ƙafa. Takan taho daga bakin madafa tana ihu, "Ku ba da hanya, ga matata!" ta cafke ta. Ramla kuwa dariya ta gaske take yi yanzu, har da hawaye, Malam na gefe yana cewa, "Gwiwar hannu, Ramla. Bakin naki ne, gwiwar hannun tawa ce. Sauke ta." Da farko in ta tuna da hannu sai dariyar ta ɗauke, in ta tuna da dariya sai hannun ya mutu. A hankali, cikin kwanakin da gero ya yi kai har aka fara yanka, abubuwa biyun suka koyi zama tare. Wata rana ta ji hannunta ya fita daga riƙon Mariama tun ba ta gama dariya ba, tafinta na hagu kuma ya riga ya kwanta a bayan gwiwar hannun matar.

"Nan za ki tsaya," in ji Malam. "In kin danna, zai durƙusa. In kin murɗa, za ki karya ɗan gwaggonki. Ki san bambancin."

Ranar kasuwar da ta biyo, kara ta cika tun da hantsi. Ramla ta ajiye akwatinta a inuwar wata rumfa. Wani dattijo makiyayi mai rawani ya jawo mata tunkiya mai ɗingishi, yana ɗan waige ko zai hango likita namiji. Ta durƙusa ke nan tana duba kofaton sai ta ji muryar.

"Jama'a, ashe matata ta iso ba ta zo gaishe ni ba!"

Ta miƙe. Ta ji tafin ƙafafunta a kan ƙasa. Zakiru ya iso da sandarsa a hamata, ya cafke wuyan hannunta na dama ya ja. Ta yi dariya kamar kullum. Ta bi jan da taku ɗaya, gwiwar hannu ta sauka, hannun ya juya ya fita.

Zakiru ya dubi tafinsa. "Kai! Man shanu kika shafa?"

Ya sake kamawa, wannan karon da ƙarfi, har ta ji zafin. Ta sake bin sa, ta juya, ta ɗora tafin hagu a bayan gwiwar hannunsa ta danna kaɗan, kamar yadda take kwantar da akuya. Sai ga Zakiru a kan gwiwa ɗaya a gabanta, kai a sunkuye, hula ta karkace.

Ramla ta ga wuyansa ya kumbura, ta san fushi ne ke tasowa. Da murmushi ta ce, "Lafiya lau, Zakiru. Na amsa gaisuwar. Tashi hakanan, kada ka ɓata wando."

Dariya ta fashe a rumfar. Wani dillali ya buga cinya yana cewa, "Yau ga ladabi! Zakiru, ashe haka kake gaida iyali?" Wani ya ce a kawo ruwa a ba shi. Zakiru ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san taubashiyarsa ce. Sannan ya yi dariya, irin wadda Ramla ta san ɗanɗanonta sarai.

"Santsi ne," ya ce. "Kashin tumaki ne na taka."

"Allah ya tsare gaba," in ji ta.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya nesa kaɗan, hannayensa biyu a kan sandar da ya gicciya a wuya. "Zan gaya wa innata kin koyo sihiri a lakwal, makarantar bokon nan taku!"

"Ka gaishe ta. Ka ce ina nan zuwa cin tuwo."

Ba ta san daga ina maganar take fito mata ba. Ta ɗan ji tausayinsa, ta kuma yi mamakin jin hakan.

Dattijon mai tunkiya bai yi dariya ba tun farko. Ya dai matso da dabbarsa, ya ɗaga mata ƙafar da kansa.

"Likita," ya ce, "tun da muka baro rijiya take haka. Ƙaya ce ko ciwo?"

Ramla ta durƙusa ta karɓi kofaton, ta share ƙasar da ta cushe a tsakani da babban yatsa.

"Ƙaya ce, Baba. Riƙe mini kanta."