Masu Addu'ar Ranar Laraba

Duk ranar Laraba Mama Tela takan tashi da haushi kashi uku: na mijinta, na masu zuwa addu'a, da na Allah. Allah ne ya fi shan faɗa, don mijin ba shi da lafiya, masu addu'a kuma baƙi ne, ba a yi wa baƙo masifa.

Mijin nata, wanda kowa ke kira Kafinta, ya yanke jiki ya faɗi ne a shagonsa da guduma a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Mutumin da ya ƙera kusan kowane benci a cocinsu, ga shi yanzu ba ya iya zama a kan ko ɗaya. Yaransu biyu suna can nesa wajen neman abinci, sai dai waya. Saboda haka komai ya dawo kan Mama Tela: wanka, ciyarwa, canza zanin gado, da juya ƙaton mutumin da ko a ciwo bai rame yadda ya kamata ba.

Juyawar ce ta gagare ta. Watan jiya bayanta ya riƙe, tun daga nan in ta sunkuya sai ta ji kamar an soka mata allurar keken ɗinkinta. Da kwanciya ta yi wa Kafinta yawa a gefe ɗaya, sai miki ya fito masa a ƙugu. Nas ɗin da ke leƙowa daga asibiti ta duba, ta ɓata fuska.

"Mama, dole a riƙa ɗaga shi kullum ana zaunar da shi a kujera, ana juya shi. In mikin nan ya zurfafa ya kai ƙashi, gadon asibiti za a ba shi. Kuma gaskiya, irinsu ba kasafai suke dawowa gida ba."

"To wa zai ɗaga shi?"

"Ba ku da mutane ne?"

Mutane kam akwai su. Kowace Laraba da yamma sai sun zo, ba fashi. Akwai Dattijon coci, da sandarsa da tarinsa. Akwai Shugabar mata, wadda ta san dalilin kowace wahala a duniya. Akwai kuma Direba, wani jibgegen mutum mai tuƙa motar kaya, wanda in ya ɗaga murya a addu'a har labule sai ya motsa. Sukan tsaya kewaye da gadon, su riƙe hannun juna, su rufe ido gam kamar yadda aka koya musu tun suna yara, su roƙi Ubangiji ya miƙo hannunsa. Sannan su sha shayi su tafi.

Amma a faɗi gaskiya, ita ma Mama Tela tana da nata laifin. Kafin su iso sai ta share ɗaki, ta fesa turare, ta ɓoye roba da tsummoki a ƙarƙashin gado, ta lulluɓe Kafinta har wuya da farin bargon da ta yi wa ado da hannunta. In suka ce, "Yaya mai jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Haka ake cewa a cocinsu. Shekara da shekaru tana jin masu ba da shaida, ba ta taɓa jin wanda ya miƙe ya ce abin ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da ba ta faɗa musu, a bakin famfo take faɗa wa Allah, tana cuɗa zanin gado.

"Kana gani ai. Ko ba ka gani? Mutumin nan bai taɓa karɓar ladan bencin gidanka ba. Ni kuma rigunan mawaƙa nawa na ɗinka? Ban ce ka biya mu ba, amma ko leƙowa? Ban ma ce ka warkar da shi ba yanzu, na rage farashi. Bayana kawai ka sake mini in ɗaga shi. Shi ma ya yi yawa?"

Shiru. Sai ƙarar ruwa a bokiti. Wannan shirun ya fi ciwon bayan cin ranta, don ta saba tun tana yarinya in ta yi addu'a takan ji kamar akwai mai saurare. Yanzu ji take kamar tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da masu shi suka tashi ba su yi sallama ba.

A wannan Larabar ta gwada ɗaga shi da safe, ta sa hannu a hammatarsa ta ja. Bayanta ya amsa, ta durƙushe a ƙasa, shi kuma ya koma kan mikin da nauyinsa duka. Wani gurnani ya yi wanda ba ta taɓa ji ba. Da ta duba, jini da ruwa sun ɓata zanin.

"Kai ma ka taimaka mana, Baban yara!" ta ce cikin hawaye. "Ɗayan hannun ai yana aiki!"

Ya dube ta kawai. Nan take kunya ta kama ta, ta goge masa baki, ta ja farin bargon ta rufe komai, don an kusa zuwa.

Suka iso a kan lokaci. Shugabar mata ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Ai na gani, fuskarsa ta yi kyau. Ki dai riƙe bangaskiya, 'yar'uwa. Wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake gwadawa."

Mama Tela ta ce a ranta, to da ya ɗan rage ƙaunar. A fili kuma ta ce, "Haka ne."

Aka miƙe, aka riƙe hannu, aka rufe ido. Direba ya fara. Ya kira Ubangiji mai iko, mai gani a ɓoye, wanda ba ya barci. Mama Tela ta ji tafin hannunsa a nata, faffaɗa, mai kanta, hannun da ke jefa buhu cikin mota kamar matashin kai. Haushi ya taso mata har wuya. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yi mata baftisma: ta buɗe ido ana tsakar addu'a.

Idon Kafinta ma a buɗe yake. Shi da a da yake zagaya benci yana ƙwanƙwasa kan duk yaron da ya leƙa lokacin addu'a, ga shi kwance yana kallonta, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Hannunsa mai lafiya ya damƙe bakin katifa, yana ƙoƙarin ɗage ƙugunsa daga kan ciwon, ya kasa. A kansa kuma mutum uku tsaye, ido a rufe, fuska a sama.

"Ya Uba, ka miƙo hannunka mai ƙarfi," in ji Direba, "ka ɗaga bawanka daga wannan gado!"

"Kai ka ɗaga shi mana!" in ji Mama Tela.

Addu'ar ta tsinke. Dattijo ya buɗe ido ɗaya.

"Ku buɗe idonku!" Mama Tela ta fizge hannunta. "Ku buɗe duka! Kullum ku zo ku rufe ido a kan mutum, me za ku gani?"

"Haba 'yar'uwa, a gaban Ubangiji muke," in ji Shugabar mata.

"Yawwa, gara shi ma ya ji, in yana nan!"

Ta yaye farin bargon, ta jefar a ƙasa. Warin da turare ya danne ya cika ɗakin. Ta ɗage rigar mijinta ta nuna musu zanin da ya jiƙe da abin da ke ƙarƙashinsa.

"Ga sauƙin da nake gaya muku. Ƙarya nake yi. Babu sauƙi. Bayana ya mutu, ba na iya ɗaga shi, nas ta ce in aka ci gaba haka asibiti za a kai shi ya ƙare a can. Na roƙi Allah har na gaji, ko tari bai yi mini ba. Ya manta da gidan nan, Baba Dattijo. Ka rubuta ka kai wa majalisar coci, ni na faɗa."

Shugabar mata ta buɗe baki, da alama wani dalilin ne ya zo mata, sai ta dubi mikin ta rufe bakin. Dattijo ya lallaɓa ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana kallon tsohon abokinsa.

"Ba inda zan kai ki," ya ce a hankali. "Lokacin da matata take jinya, ni ma na faɗa masa abin da ya fi wannan, sai dai a banɗaki na faɗa, don kada a ji. Ai Ɗansa ma a kan gicciye ya tambaye shi dalilin da ya bar shi, kuma da ƙarfi ya tambaya, a gaban jama'a. Ban san amsar ba, Mama. Amma me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"Me ya sa ba ku duba ba?"

Dattijo ya sunkuyar da kai. Direba kuwa agogonsa ya cire ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga.

"Mama, ta ina ake kamawa kada in fama masa?"

Ta nuna masa, tana ta faɗa: ba nan ba, ƙasa kaɗan, a hankali mana, ba buhun siminti ba ne. Ya sungumi Kafinta cak, ya kai shi kan kujerar da ke jikin taga, wadda shi Kafintan ya ƙera da hannunsa shekarar da suka yi aure. Shugabar mata ta tuɓe awarwaronta, ta janyo robar daga ƙarƙashin gado ba tare da an nuna mata inda take ba, ta kwashe zanin ta nufi famfo. Kafinta ya zauna yana kallon titi, iska na taɓa fuskarsa. Hannunsa mai lafiya ya bi hannun kujerar yana shafawa, har ya tsaya a kan wata ƙusa da ta ɗan ɗago. Ya ɓata rai, ya dubi matarsa.

"Ka ga mutumin," in ji ta, tana share ido da bakin zani. "Yana wannan hali ma aikin yake dubawa."

Ba a ƙarasa addu'ar ba ranar, shayin ma ya huce a kan tebur.

Washegari Alhamis, ba ranar kowa ba. Mama Tela tana bakin famfo da sassafe, ciwon bayan na nan yadda yake, mikin ma na nan, maganar Kafinta ba ta dawo ba. Ta ɗauko zancenta da Allah daga inda ta ajiye shi.

"Kada ka ɗauka jiya ta wanke ka. Ni na yi ihu, ba kai ba. Kuma har yanzu ba ka ce mini komai ba."

Sai ta ji tsayuwar babbar mota a waje, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama, ni ne! Na ce bari in ɗaga Baba kafin in wuce lodi. Da yamma Dattijo zai turo wani."

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Ta ɗaga kai ta harari sama, ido a buɗe.

"Na gani," ta ce. "Amma ba mu gama magana ba."

Ta goge hannu ta je ta buɗe ƙofa, farin bargon kuwa ta bar shi inda yake a ƙasa.