Noti a Bakin Tanki

Babanmu, tun da ya ajiye aiki, ba abin da ya tsira daga sifanarsa a gidan nan. Ko ƙofa ta yi ƙara sai ta ji a jikinta.

Tsohon tankinmu na ruwan zafi buɗaɗɗe ne, yana can saman rufi. In ya tafasa, tururi ya fice ta bututu ya kama gabansa. Laifinsa ɗaya, ruwan zuwa yake kamar ana roƙonsa. Shi ya sa muka sa sabo, rufaffe mai matsi, a bangon banɗaki. Ƙarfin ruwa kam sai wanda ya gani. Amma yana da wani ɗan baki a gefe mai ɗiga, kwanan nan ma ɗigon ya zama tsiyaya. Baba kuwa ya tsani ɗigo.

Da hantsi ina shara na ji bango yana gurnani. Na kira mai gyaran famfo, na kara masa wayar a bangon. Ya tambaya ko ɗan bakin yana zuba. Na maimaita tambayar da ƙarfi. Baba, daga kan kujera, ya amsa da alfahari cewa jiya ya toshe shi da noti, yadda yake yi wa tsohon.

Mai gyara ya ce tsohon yana da hanyar numfashi, wannan kuwa bakin nan kaɗai gare shi, tsiyayar ma alama ce abin da ke kashe masa wuta ya mutu.

"Ku kashe wutar gidan, kowa ya fita, tankin yana iya fashewa. Akwai mutum a banɗakin?"

Inna ce a ciki, tana wanki da ruwan sanyi. Ta sa sakata, ga kunnenta ya yi nauyi.

Na kashe wuta, gurnanin bai daina ba. Na buga ƙofa, na ƙwala kira, ba abin da nake ji sai cuɗar kaya. Baba ya ture ni, ya cusa sifanar a bakin ƙofa ya ɓalle sakatar, ya shiga har ƙarƙashin tankin ya jawo Inna, kumfa a hannu, tana faɗa wai ba ta ɗauraye ba.

A titi muka tsaya cikin rana har tankin ya huce. Mai gyara ya zo ya gyara wutar, ya kwance notin ya miƙa wa Baba. Baba ya kasa haɗa ido da Inna.

Na ce a mayar mana da irin tsohon. Baba ya ce a bar sabon, shi da kansa ya kafa bokiti a ƙarƙashin bakin. Yanzu duk sanda Inna za ta shiga banɗaki sai ya riga ta, ya tsaya ya kasa kunne. Ba ya ba ta hanya sai ya ji ɗigo ya faɗa.