Feshi a Ɗakin Ƙudajen Farfesa

Duk wanda ya san hawa na biyu na cibiyar binciken ya san ɗakin ƙarshe, mai warin ayabar da ta nuna ta wuce misali. Nan Farfesa ke kiwon ƙudajenta. Ba irin na bola ba, 'yan mitsi-mitsin nan masu bin 'ya'yan itace, kowane dangi a kwalbarsa da toshiyar auduga. Ɗalibai na ce mata Maman Ƙudaje a bayan ido. Ta sani, bai kuma dame ta ba.

A binciken idon ƙudajen ta yi suna. Idon irin wannan ƙuda ja ne, na ƙudajenta kuwa dabbare-dabbare, ja da fari. Ƙwayar gadon da ke sa ja tana nan ko'ina cikin idon, amma a wani wuri a kunne take, a wani a kashe, kamar fitilun gida. Tun gashinta na baƙi take bin diddigin abin da ke kunnawa da kashewa, har masu binciken cututtuka a ƙasashe da dama suka ɗora aikinsu a kan nata. Ta rarraba musu ƙudajenta kyauta. Dangi ɗaya kawai ta riƙe, wanda ta ƙare rabin rayuwarta tana haɗa auren jikoki da tattaɓa-kunne kafin ta same shi. Aikinsa bai kammala ba, babu kuma irinsa a wani wuri.

Sai cibiyar ta tashi karrama ta. Aka kafa kwamiti, aka yi fenti, aka sayo labule. Da ta ji ana maganar feshin ƙwari saboda manyan baƙi, ta nufi ofishin Darakta, wanda ita ta koya masa tantance macen ƙuda da namiji tun yana ɗalibi.

"Ɗana, na ji za a yi feshi. Kada a kusanci hawa na biyu."

"Haba Mama! Ni za a gaya wa? Da ƙudajen nan fa na samu digirina. Ki kwantar da hankalinki."

Ta kwantar, abin haushin ke nan. Ta kulle ɗakinta ta tafi.

Ana gobe biki 'yan kwamiti suka tsare ta a zauren taro, wai gwaji. A koya wa tsohuwa hawa matakala! Ta hau, ta sauka, ta karɓi kwalin wofi a madadin lambar yabo, shugabar kwamiti na cewa ta ƙara murmushi. Ana cikin haka wari ya shigo ta taga, mai ɗaci, mai kama maƙogwaro.

Ba ta san tana iya gudu ba sai ranar. Ta iske ƙofar ɗakin a buɗe, mai feshi na fitowa da tanki a baya da tarin makullan ginin a hannu. Ya zare ƙyallen hancinsa ya gaishe ta da ladabi.

"Naki ne ɗakin, Mama? Wallahi duk ginin nan babu inda ya kai shi ƙuda. Sai da na cire audugar ɗaya bayan ɗaya na fesa musu a ciki, in ba haka ba ba za su mutu ba. Ki daina barin abinci a kwalba, shi ke tara su."

Ina laifinsa? An ba shi makulli, an ce ya kashe ƙwari, ya kuma yi aikinsa tsakani da Allah. Ta wuce shi ta ɗauki kwalaben dangin nan. Ƙudajen na kwance a gindi kamar ɓarin ganyen shayi. Ta kankaro abincin ta sa a madubin ƙara girma, ko za ta ga tsutsa ɗaya na motsi. Ta duba wannan, ta duba waccan, idonta na ruwa, ba don maganin kaɗai ba. Babu mai motsi.

Darakta ya shigo da hankici a hanci. Ya ce ya faɗa wa sakatarensa, sakatare ya faɗa wa kwamiti. Laifi ya yi ta gangara har ya rasa mai shi. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba.

"Mintoci nawa zai ɗauke ka ka hau bene ka tsaya a bakin ƙofa? Kana can kana zaɓen launin labule!"

"Ki yi haƙuri, Mama, ƙaddara ce. Amma don Allah kada maganar ta fita kafin gobe."

Ya zuba wa jerin kwalaben ido. Ta ɗauka kunya ce ta kama shi, har zuciyarta ta fara sanyi. Sai ya ɗaga ɗaya ya haska ta a fitila.

"Kin san baƙi sun so ganinsu, kwamiti ya hana don kada su tashi a zaure. Tunda yanzu ba sa tashi, ko a jera su a babban tebur?"