Asali a Ajin Tarihi

Abdulgafar ya dawo Filinge daga karatu a Aljeriya, aka ba shi ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ya koyar da tarihin duniya. Kailu, wanda ya daɗe yana riƙe da ajin, aka mayar da shi ƙananan azuzuwa. Tun daga nan gaisuwar Kailu ta gajarce.

Ranar farko Abdulgafar ya faɗa wa ɗalibai abin da ke gabansu kafin jarrabawar bak ta kammala sakandare: yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, zaman doya da manja tsakanin Amurka da Rasha, da yadda ƙasashen Afirka suka sami 'yancin kai. Ya ce ba ya son makara, ba ya son amsar da aka kwafo daga waya. Sannan ya ba su aikin gida. Ya faɗe shi da Faransanci, ya maimaita da Hausa don kowa ya gane: kowa ya je wurin wanda ya fi tsufa a gidansu ya tambayi asalinsu, daga ina suka zo, wa suka tarar a nan. Shi ma an ba su irin wannan aikin a jami'a, kuma ya ji daɗinsa.

Kafin mako ya ƙare ajin ya rame. 'Ya'yan makiyaya ne suka fara ɗaukewa, sai na cikin gari suka bi. Abdulgafar ya zargi Kailu, don ya gan shi yana magana da wasu iyaye a bakin ƙofar makaranta, kuma sun yi shiru da ya iso.

Ran kasuwa ya biya rumfar yayarsa Mairama, mai sayar da wake. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba. Ta ce garin ya ɗauka. Wasu na cewa kawun Abdulgafar, Idrisa, shi ne ya sa shi, don Idrisa na shari'ar gona da wani mutumin garin, Jibo, yana neman shaidar cewa kakan Jibo baƙo ne da aka ara wa ƙasa. Makiyaya na cewa ana son a san waɗanda suka shigo daga arewa a miƙa wa sojoji. Akwai kuma gidajen da ba su ce komai ba, su ne suka fi jin zafi, saboda kowa ya san abin da ake nufi idan an ce mutum ba shi da asali.

"Kailu ne ya baza wannan," in ji Abdulgafar.

"Kailu mi? Kai da bakinka ka faɗi. Larabawan ba su koya maka kama baki ba?"

Shugaban makaranta ya kira taron iyaye. Tun a ofis ya gaya wa Abdulgafar cewa idan ɗalibai ba su dawo ba, zai mayar wa Kailu ajin. Jibo ne shugaban ƙungiyar iyaye, 'yarsa Rashida tana cikin waɗanda suka daina zuwa. Ya zauna gaba, bai miƙa wa Abdulgafar hannu ba.

Abdulgafar ya yi bayani. Ya ce kalmar Faransancin ba ta wuce inda mutum ya fito ba, kuma so yake yara su ga cewa ƙaura da yaƙi da yunwa da suke karantawa a littafi sun taɓa gidajensu. Aka saurare shi har ya gama. Wani dattijo ya tambayi wanda zai karanta amsoshin. Ya ce shi kaɗai. Aka tambaye shi ko Yamai za a aika da su, ya ce a'a. Aka tambaye shi wa ya biya masa karatu a waje. Ya ce gwamnati. Wasu suka dubi juna.

"Mushe," in ji Jibo, yana kiransa yadda ake kiran malaman boko, "nan ƙasarmu ta Kurfai abu biyu ka sa a tambayi asalin mutum. Aure kake nema, ko gona?"

Aka yi 'yar dariya, ban da Jibo.

"Ba ko ɗaya."

"To ka bari. Turawa suna da asali, ka tono nasu."

Abdulgafar ya dubi shugaban makaranta, shugaban yana duban ƙasa. Kailu na tsaye a jikin taga, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Abdulgafar ya ce ya janye aikin. Jibo ya nemi ya maimaita da ƙarfi don na baya su ji, ya maimaita.

Ran Litinin ajin ya cika, har da Rashida. Ya fara da yaƙin 1914. Da ya kai tsakiya ya tambaye su me suke gani ya sa manyan ƙasashe suka kasa sasantawa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya kira Rashida da suna, ta miƙe, ta ce babanta ya ce ta rubuta abin da aka faɗa kawai. Ya gwada wani yaro, ya sami amsa iri ɗaya.

Ya ce su ɗauki biro. Ya buɗe littafi ya fara yi musu shifta.