Hannun Noreen

Duk wanda ya taɓa aiki da Lyle Bohannon ya san mutumin ba ya cewa "ya isa". Sauran masu ba da umarni a fim, da zarar ɗan wasa ya faɗi maganarsa ta ƙarshe sai su ɗaga hannu a kashe kyamara. Shi kuwa Lyle sai ya gyara zama, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya zuba maka ido. Ka gama abin da aka ba ka, kyamara na ta aiki, ka rasa inda za ka sa kanka. Wani ya sosa ƙeya, wani ya yi dariyar yaƙe, wani ya fashe da kukan da shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba, har zaren fim ɗin da ke cikin kyamarar ya ƙare don kansa. To wannan ragowar da kowa ke zubarwa, ita Lyle ke tsincewa ya haɗa fim da ita. Don kada wani ya sami wurin ɓuya, har aljihunan kayan 'yan wasa yake sa a ɗinke.

Da haka ya yi suna, irin sunan da ba ya cika gidan sinima. 'Yan jaridar New York suka ce gwani ne, Faransawa suka ba shi lambar yabo ya ɗora ta kan firiji. Mutanen garinsu na bakin kogin Ohio kuwa cewa suke, ai Lyle ne, tun yana yaro haka yake kallon mutum har sai ya tsargu. Sau ɗaya aka kira shi Hollywood, ya bar wani babban tauraro tsaye har gumi ya wanke masa hoda, washegari aka sako Lyle a jirgi. Ko mahaifinsa bai tsira ba. Ya ɗauki tsohon a kyamara yana fama da igiyar takalmi ya kasa ɗaurewa, ya sa a fim, dangi suka daɗe ba sa amsa gaisuwarsa.

Noreen ta fi kowa sanin wannan hali. Ta fito a finafinansa tun na farko, ta aure shi, ta rabu da shi, ta ci gaba da fitowa. Takan ce aiki da shi daɗi, zaman gida ne ba ya yiwuwa, don ko faɗa aka gama sai ya tsaya yana kallonki yana jiran abin da zai biyo baya. Shi ya ɗauke ta a fim da tsohon ciki, ya ɗauke ta furfura na fitowa, ba ta taɓa jin tsoron kyamararsa ba sai bana.

Da bazara hannunta na dama ya soma rawa. Likita a Cincinnati ya faɗa mata sunan ciwon, ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, har 'yarsu. Abin haushin shi ne idan hannun na aiki lafiya lau yake, tana iya zuba kofi ko ɗigo bai zube ba. Sai ta ajiye shi ya rasa abin yi, sannan yake soma kaɗawa. Kuma lokacin da mutum ya rasa abin yi, shi ne lokacin da Lyle ke jira. Ba ta son duniya ta gani, ba ta son 'yarta ta fara sani a zaune cikin sinima.

Ranar ɗaukar fitowarta ta ƙarshe, a mota ta zauna da ɗan almakashi ta farke ɗinkin aljihun rigar aikin da za ta ɗaura, irin farar da masu raba abinci ke sawa a gaba. Sannan ta shiga gidan abincin da suka ara a bakin titi. Hantsi ya shigo ta taga, wurin na ƙamshin soyayyen ƙwai da ragowar kek ɗin tuffa. Otis mai kyamara, wanda ya tsufa a bayan Lyle, yana gyara fitila.

"Ga sarauniya ta iso," in ji Lyle daga kujerarsa. "Mu talakawa tun safe muke nan."

"Da ka yi aski kafin ka zo, tsoho. Kamar wanda aka tono daga rumbu."

"Ni ba a ɗaukata."

"Allah ya taimaki masu kallo."

Ya yi murmushi, idonsa ya sauka kan farar rigar, ya ɗan tsaya daidai aljihun. Ta ɗauka ya gane. Amma sai ya juya ya tambayi Otis ko hasken tagar zai jira su, ta ce a ranta tsufa ya fara cin idon mutumin.

Fitowar ba ta da wuya. Virgil, wanzamin garin da Lyle ke sakawa a fim saboda yanayin zamansa, shi ne direban babbar mota da ya saba tsayawa shan kofi, yau ya zo sallama don an canja masa hanya. Ita za ta zuba masa, ta ajiye butar kofin, ta ce ya gaida hanya. Shi ke nan abin da aka rubuta.

"Virgil, kada ka yi wasa," in ji Lyle. "Ka sha kofi kawai, ka iya wannan ai."

"Idan ta zuba mai zafi."

"Mu je."

Kyamara ta tashi. Noreen ta ɗauko butar, ta zuba, hannun ya yi mata biyayya. Virgil ya yi maganarsa yana kallon kofin. Ta ajiye butar, ta dube shi, ta ce, "To, ka gaida hanya." Muryarta ta fita yadda take so.

Aka shiga shirun. Ta ji abin ya taso daga babban yatsa, ta zura hannun cikin aljihu a hankali kamar mai neman alƙalami. Virgil ya juya cokali, ya kurɓa, ya rasa abin yi ya soma karanta takardar sukari. Ita kuwa ta dunƙule hannun iya ƙarfinta, amma yadin ba shi da kauri. Ba sai ta duba ba, tana jin gaban rigar na motsi a jikin cinyarta. Ta kafe idonta a taga, tana jiran zaren ya ƙare, ta san kuma da sauransa da yawa.

"Ya isa," in ji Lyle.

A hankali ya faɗa. Otis ya ɗago daga kyamara ya waiwayo, don bai taɓa jin kalmar daga wannan bakin ba.

"Me ka ce?"

"Na ce ya isa. Kashe."

Otis ya kashe. Virgil ya dubi wannan ya dubi wancan, kofi a hannu. Lyle ya miƙe yana kakkaɓe wando, bai yarda ya dubi inda take ba. "Mun samu abin da muke so," ya ce. "Ku je ku ci abinci."

Da farko sanyi ta ji har cikin ƙashi, ta tsira. Sai kuma ta fahimta. Ashe ya gani tun ɗazu, wataƙila ma tun kafin yau. Mutumin da bai raga wa ubansa ba, bai raga mata ba ranar da ta fito aiki da jajayen idanu bayan rabuwarsu, yau shi ne ya kawar da kai. Ta san shi sarai: Lyle ba ya kawar da kai daga ɗan wasa, sai daga wanda ya riga ya cire daga aiki ya mayar abin tausayi. Ta hango sauran kwanakinta a haka, kowa na yi mata magana a hankali yana kallon gefe. Wannan ya fi mata zafi a kan duk abin da ta zo tana tsoro.

"Otis," ta ce, "zaren ya ƙare ne?"

"Da saura."

"To wa ya ce ka kashe?"

Otis ya nuna Lyle da haɓa.

"Reenie," in ji Lyle, sunan da ya daina kiranta da shi tun suna tare. "Ba dole ba ne."

"Tun yaushe ka fara tambayar mutane abin da ya zama dole? Zauna, tsoho, ka yi aikinka."

"Yarinyar fa? Za ta gani."

"Zan kira ta da yamma. Zauna."

Ya koma kujerarsa. Ya ɗaga wa Otis yatsa, kyamara ta sake tashi. Virgil ya ajiye kofin a kan faranti, ya gyara zama, wannan karon ba wasa yake ba.

Noreen ta zaro hannun daga aljihu ta ɗora shi kan teburin, kusa da farantin, inda hasken taga ya fi faɗawa. Hannun ya soma rawarsa. Cokalin da ke gefen kofin shi ma ya kama rawa, yana ƙara siririya a jikin tangaran, kowa a ɗakin yana ji. Ta ɗago ta dubi Lyle. Ya harɗe hannuwa a ƙirji yadda ya saba, idanunsa sun cika taf, amma bai ɗauke su daga kanta ba, bai kuma ce komai ba har zaren ya ƙare.